Hukuncin Usur da Hukuncin Baki

Shekara 11 ke nan ina koyar da motsa jiki a wata makarantar 'yan mata a nan ƙasar Gwarzo, kuma duk ranar gasar gidaje ni ake miƙa wa usur. Filinmu na ƙwallon kwando siminti ne da ya daddare, da damina ciyawa kan leƙo ta tsagarsa. Allon kwando ɗaya kafinta ya sake mana shi sau biyu, raga kuwa da igiya muke saƙa abarmu. A kan wannan fili, wata ranar Alhamis cikin sanyin hunturu, na busa usur ɗin da ya zaunar da ni yin wannan rubutu.

Saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, gidan ja na gaban gidan kore da maki biyu. Wata ɗalibata 'yar gidan kore, doguwa, 'yar aji biyar, wadda ban taɓa koyar da mai hannu irin nata ba, ta karɓi ƙwallo a tsakiyar fili, ta yanke mutum biyu, ta ɗora ta a kwando. Aka yi kunnen doki. Makaranta ta ɗauki sowa. Ita kuma, cikin zafin abin, ta bugi ƙirjinta, ta taka har gaban yarinyar da ke tsaronta, ta kai fuskarta kusa da tata, ta kwarma mata ihu. Na busa. Doka ta hana tsokanar abokin karawa, kuma hukuncin haka shi ne laifin rashin ɗa'a, wanda 'yan wasa ke kira tekanikal: a ba ɗaya ɓangaren jifa ɗaya, ba mai tsaro. Yarinyar gidan ja ta tsaya a layi, ta jefa, ta shiga. Da wannan maki ɗaya suka ɗauki kofi.

'Yan gidan kore suka yi mini ca. Wasu suka ce na yi son kai, wasu suka ce ai a minti na ƙarshe ba a busa irin wannan. Malamar da ke kula da gidansu ta yi kwana biyu tana amsa gaisuwata a daƙile. Duk wannan bai hana ni barci ba, don wanda ya rataya usur ya san da gardama zai koma gida. Abin da ya hana ni barci ya zo ne daga bayan katanga. Wani saurayi cikin baƙin da suka zo kallo ya ɗauki abin a waya, daƙiƙa goma sha wani abu, daga bugun ƙirji zuwa ihun. Bai ɗauki yadda ta yanke mutum biyu ba. Kafin sallar isha'i hoton ya zaga gari. A majalisun da ya shiga babu wanda ya tsaya tambayar ko hukuncin Malama daidai ne. Tambayar da ake yi ita ce: 'yar gidan waye wannan?

Ranar Asabar ba ta zo atisaye ba. Da na je gidansu, na durƙusa a zaure na gaida mahaifinta, dattijo ne sa'an mahaifina. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Malama, ba ke nake zargi ba, aikinki kika yi. Amma ni cikin mutane nake zaune. Jiya a masallaci mutum uku suka tare ni da maganar." Na ce, "Baba, laifin da ta yi na jifa ɗaya ne, kuma an biya shi a fili." Ya ce, "A filinku an biya. A gari ba a biya ba." Daga ranar ta daina wasa.

Abin da nake son faɗa ke nan, kuma shi kaɗai ne. A yi ta gardama a kan usur, har a kwana ana yi, wannan shi ne gishirin wasa. Amma idan mace ce a fili, gardamarmu ba ta tsayawa a kan usur. Sai ta zame daga "ta yi laifi ko ba ta yi ba" ta koma "tana da tarbiyya ko ba ta da ita". Hukuncin alƙalin wasa yana da iyaka, a rubuce yake, yana ƙarewa da tashi daga wasa. Hukuncin bakin 'yan kallo ba shi da littafi, ba shi da ranar ƙarewa, kuma a wajenmu shi ne yake fitar da yarinya daga fili har abada.

Kada wani ya ɗauka ciwon namu ne mu kaɗai. Ranar 2 ga Afrilu 2023, muna cikin azumi, aka buga wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta matan jami'o'in Amurka a birnin Dallas, tsakanin jami'ar jihar Luwiziyana, wato LSU, da jami'ar Iowa. LSU ta ci 102 da 85. Mutum kusan miliyan 9.9 suka kalla a talabijin. Tsofaffin ɗalibaina da ke Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello ta Zariya ne suka riƙa turo mana guntayen wasan a zaurenmu na WhatsApp, muka yi ta musu har lokacin sahur. Abubuwa biyu aka yi rigima a kansu, kuma ina so mai karatu ya lura da bambancinsu.

Na farko usur ne. Alƙalan wasan uku, dukkansu mata, sun busa laifi 37 a wasa ɗaya. A zango na uku, tauraruwar Iowa, Caitlin Clark, ta wurga ƙwallo ta bayanta bayan an tsayar da wasa, aka ba ta tekanikal, wanda ya zama laifinta na huɗu, alhali a na biyar ake fitar da mutum. Shugabar alƙalan, Lisa Jones, ta bayyana cewa an riga an gargaɗi Iowa a kan ɓata lokaci, wannan shi ne karo na biyu. Masu goyon bayan Iowa suka ce to me ya sa kociyar LSU, Kim Mulkey, take ta shigowa cikin fili ba a hukunta ta ba? Wannan tambaya ce mai kyau. Bayan watanni, hukumar wasannin jami'o'in ta NCAA ta duba wasan, ta amsa cewa alƙalancin bai kai yadda aka saba ba: kusan kashi 88 cikin 100 na hukunce-hukuncen ne daidai, maimakon kashi 91 da aka saba gani a wasan ƙarshe. Gardama ta yi amfani ke nan. An yi ƙorafi, an bincika, an fito da lamba.

Na biyu kuwa ba usur a cikinsa ko kaɗan. Ana dab da tashi, 'yar wasan LSU, Angel Reese, ta bi Clark tana kaɗa tafin hannu a gaban fuskarta, alamar da ɗan kokawar nan John Cena ya yi suna da ita, sannan ta nuna yatsan da za ta sa zoben zakaru. Alƙalai ba su busa ba. Amma duniya ta busa. Manyan maza masu shirye-shiryen wasanni suka zage ta da sunan marar tarbiyya. Mako guda kafin nan, Clark ɗin da kanta ta yi wannan alama a wasansu da Louisville, aka yi ta yaba mata da cewa jaruma ce mai zafin nema. Reese baƙar fata ce, Clark fara, kuma Amurkawa da yawa sun faɗi ƙarara cewa nan gizo ke saƙar. Clark ta fito ta ce bai kamata a soki Reese ba. Bai hana ba. Shekara guda bayan haka, da Iowa ta rama a kan LSU da 94 da 87, Reese ta zauna gaban 'yan jarida tana hawaye, ta ce tun ranar da ta ci kofi ake yi mata barazanar kisa da cin mutunci. Yarinya ce 'yar shekara 21 a lokacin.

Kwana huɗu bayan wannan, a goman ƙarshe na azumin 2024, aka sake wata. Iowa da jami'ar Connecticut a wasan kusa da na ƙarshe, da agogonmu an gama shi wajen sahur. Connecticut na baya da maki ɗaya, ƙwallo na hannunsu, saura daƙiƙa 3.9, sai aka busa wa 'yar wasansu Aaliyah Edwards laifi. Bari in yi bayanin wannan, don irinsa ne yake yawan haɗa ni faɗa da 'yan kallo. Doka ta yarda ki tsaya ki zama katanga, ki tare mai tsaron 'yar'uwarki don ta samu sararin jifa. Sharaɗin shi ne ki tsaya cak, ƙafa biyu a ƙasa, kada ki buɗe gwiwar hannu ko ki karkata jiki ki bi ta. Katangar da ta motsa laifi ce. Alƙaliya ta ga Edwards ta motsa lokacin da Gabbie Marshall ta Iowa ta zo wucewa. Iowa ta ci 71 da 69. Rabin Amurka suka ce laifi ne, rabi suka ce ko laifi ne ba a busa shi a irin wannan lokaci, daidai abin da 'yan gidan kore suka faɗa mini. Ni ina tare da alƙaliyar. Dokar da ke aiki a minti na farko ita ce ke aiki a na ƙarshe, in ba haka ba sai mu gaya wa yara cewa akwai lokacin da keta ta halatta. Amma na san masu fahimtar wasa fiye da ni da suke ganin akasin haka, kuma ina jin daɗin musu da su. Abin da ba musu ba ne shi ne abin da ya sami Marshall, wadda ba ita ta busa usur ba, tsaronta kawai ta yi: zagin da aka yi ta aika mata ya sa ta goge shafukan sada zumunta daga wayarta kafin wasan ƙarshe. Wancan wasan ƙarshe, da Karolina ta Kudu ta ci Iowa 87 da 75, mutum miliyan 18.9 suka kalle shi, fiye da waɗanda suka kalli na maza a shekarar.

Wannan damuwa da ɗa'ar mace a filin kwando tare aka haife su da wasan. James Naismith ya ƙirƙiro shi a 1891. Shekara guda bayan haka wata malamar motsa jiki, Senda Berenson, ta kai shi kwalejin mata ta Smith, amma sai da ta raba filin gida uku, kowace yarinya ta tsaya a nata yankin, ta hana fizge ƙwallo daga hannun wata, ta hana riƙe ta fiye da daƙiƙa uku, duk don kada 'yan mata su koyi gardamar jiki irin ta maza. Wasan farko tsakanin matan jami'o'i biyu, Stanford da Berkeley a 1896, an tashi 2 da 1, kuma ba a bar maza sun shiga kallo ba. Da na karanta wannan tarihi sai na ji kamar labarin makarantarmu ake ba ni. Tsoron da ke zuciyar mahaifin ɗalibata, Turawa sun yi shi shekara ɗari da wani abu da suka wuce.

Bambancinmu da su a yau shi ne abin da ke biyo bayan zagi. Angel Reese ta sha zagi, amma ƙungiyar Chicago Sky ta ɗauke ta a 2024, kamfanoni na biyan ta kuɗin talla, jami'arta ta tsaya mata. Ɗalibata ba ta da kowa sai ni da mahaifiyarta, kuma maganar mutum uku a ƙofar masallaci ta fi tamu nauyi.

Yanzu mu dawo gida mu dubi maza. A watan Yunin 2019, a filin Agege da ke Legas, aka tashi wasan ƙwallon ƙafa 1 da 1 tsakanin Kano Pillars da Rangers ta Inugu. Kyaftin ɗin Pillars, Rabi'u Ali, ya tunkari alƙalin wasa, magoya baya suka ɓarke cikin fili. Aka dakatar da shi wasa 12, aka ci tarar ƙungiyar naira miliyan 8. Ranar 12 ga Oktoba 2025, a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, Shooting Stars ta farke ƙwallon Pillars ana dab da tashi, 'yan kallo suka afka wa alƙalai da baƙi. Hukumar gasar ta zabtare wa Pillars maki uku da ƙwallo uku, ta ci ta tarar naira miliyan 9.5, ta mayar da wasanninta na gida Katsina. Waɗannan abubuwa sun fi ihun ɗalibata muni nesa ba kusa ba, an zubar da jini a na biyun. An yi Allah wadai, kuma ya dace. Amma ban ji uba ɗaya a Gwarzo, ko Getso, ko Garo, da ya ce daga yau ɗansa ya bar ƙwallo ba. Ba a ce samarin Kano ba su auruwa ba. Rabi'u Ali, hukunci ya ƙare ya dawo fili, har gobe Pele ne a bakin mutanen Kano, kuma haka ya kamata: mutum ya yi kuskure, an hukunta shi gwargwadon kuskuren, an rufe littafi. Wannan adalcin kawai nake roƙa wa 'yan mata. Ban roƙa musu sassauci ba.

Kuma mu da muka tashi muna ganin dambe, yaushe bugun ƙirji ya zama baƙo a wajenmu? Ɗan dambe yakan fito tsakiyar fage, ya ɗaga hannun da aka naɗe, ya yi kirari yana kallon idon abokin karawarsa, makaɗa na zuga shi, mu kuma muna liƙa masa kuɗi. In an ce wannan na maza ne, to a tuna da dandali. Iyayenmu mata da suka yi gaɗa da farin wata sun san habaicin da 'yan matan unguwa ke jifan na wata unguwa da shi, da tafi, da juyi, kowace na so a ce ita ce gwana. Son cin nasara ba namiji ba ne. Allah ya zuba shi a zuciyar 'ya mace kamar yadda ya zuba a ta ɗa namiji, kuma yarinyar da ba ta da shi ba za ta yanke mutum biyu ta kai kwando ba. Aikina shi ne in koya mata inda za ta tsayar da shi. Ba zan iya koya mata ba in an ɗauke ta daga hannuna ranar da ta fara yin kuskure.

Za a ce mini kunya fa, Malama? Ban raina wannan magana ba, ni ma uwa ce, kuma kunya ado ce da addininmu ya ɗaukaka. 'Yan matana da dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗan hijabi suke wasa, a cikin makarantar mata. Abin da ɗalibata ta yi ba daidai ba ne, shi ya sa na busa, kuma ko gobe ta sake zan sake busawa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, na yarda. Amma a auna mini laifi biyu. Yarinya 'yar shekara 16 ta yi ihu a fuskar ƙawarta cikin zafin wasa, washegari suka ci abinci a kwano ɗaya. Namiji baligi ya leƙa makarantar mata, ya ɗauki hoton 'yar mutane ba da izininta ba, ya yanke inda ya ga dama, ya watsa, wasu manya suka karɓa suka yi ta turawa gaba suna ƙara gishiri. Wanne ne ya fi kusa da abin da malamanmu ke kira giba da tona asiri? Sunan yarinyar kowa ya sani a gari. Shi kuwa ba wanda ya tambayi ɗan gidan waye.

Ni ma ina da nawa kason, kuma ba a busa usur ɗin yake ba. Da na gama busawa, kamata ya yi in kira su biyun tsakiyar fili, in sa su gaisa a gaban kowa, in dafa kafaɗar wadda na hukunta, don jama'a su gani da idonsu cewa magana ta mutu a nan. Ban yi ba. Hankalina na kan agogo da takardar maki. Na bar ta ta koma gefe ita kaɗai, kai a sunkuye, 'yan gidansu na harararta, kuma wannan ne hoton ƙarshe da baƙi suka tafi da shi. Tun daga ranar, duk tekanikal ɗin da na bayar sai na bi shi da wannan gaisuwar.

Akwai kuma gaskiyar da masu zagin alƙalai ba su sani ba, ko ba su damu su sani ba. Filin kwando tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa 15, mutum goma na gudu a cikinsa suna gogar juna. A manyan wasanni alƙalai uku ake sa wa, kowanne da kusurwar da yake kallo, ga na'urar sake duba hoto, amma kun ji matan Amurka da aka horar shekara da shekaru sun tsaya a kashi 88. Ni kaɗai nake tsayawa a namu, wani lokaci ni ce mai agogo. Abin da na sani na alƙalanci a kwalejin ilimi na koya, sauran kuma daga littafin dokokin hukumar kwando ta duniya, FIBA, da na sauke a waya nake bita da daddare. Ina kuskure, kuma na san ina yi. Mafi yawan 'yan kallonmu kuma da idon ƙwallon ƙafa suke kallon kwando, ba su san taku nawa aka yarda a yi da ƙwallo a hannu ba, ba su san katanga mai motsi ba, don haka duk usur ɗin da bai yi musu daɗi ba son kai ne. Inda babu sanin doka, gardama ba ta da abin kamawa, sai ta kama mutum. In da masu kula da wasan kwando a jihar Kano za su tara malaman motsa jiki mata na Gwarzo da Kabo da Ƙaraye da Rimin Gado, ko na mako guda ne a lokacin hutu, su koya mana alƙalanci su ba mu shaida, da rabin rigimar ta kwanta. Ni dai yanzu kafin a jefa ƙwallo sama nakan ɗauki minti biyar in yi wa baƙi bayanin laifuffuka huɗu ko biyar da za su fi gani, in kuma roƙi shugabar makaranta ta sanar cewa ba a ɗaukar hoton ɗalibai. Na ga bambanci.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne lokacin da muke yin wannan asara. Ƙungiyar matan Najeriya, D'Tigress, ta ci kofin Afirka sau biyar a jere, daga 2017 zuwa 2025, na ƙarshen a Abijan inda ta doke Mali 78 da 64. A gasar Olamfik ta Paris a 2024 ta doke Ostireliya 75 da 62, ta doke Kanada 79 da 70, ta zama ƙungiyar kwando ta farko daga Afirka, ta maza ko ta mata, da ta shiga sahun takwas na ƙarshe. Kociyarsu a lokacin, Rena Wakama, mace ce, kuma a jami'ar Western Carolina ta yi wasa. Amy Okonkwo da Ezinne Kalu su ma daga wasan jami'o'in Amurka suka fito, wancan fagen da ake ta rigimar usur a cikinsa. Murjanatu Musa kuwa a nan gida ta taso, ta yi wasa a Air Warriors ta Abuja kafin ta tafi Turai. Duk wanda ya kalli yadda waɗannan mata ke tsaro ya san ba da sunkuyar da kai suka kai nan ba. Suna ihu, suna bugun ƙirji, wani lokaci ana busa musu tekanikal. Da suka dawo da kofi a 2025 Shugaba Tinubu ya ba su lambar girma ta ƙasa, mu ma a nan muka yi ta tura hotunansu muna alfahari. Muna son 'ya'yan itacen, muna sare dashen da ke ƙofar gidanmu.

Ko uzurin sutura ma ya kau. A 2014 matan Katar sun fice daga gasar Asiya a Koriya ta Kudu saboda an hana su wasa da hijabi. Bilqis Abdul-Qaadir, Musulma Ba'amurkiya da ta ci maki 3,070 a makarantar sakandare, ta kuma yi wasa da hijabinta a jami'ar Memphis da ta jihar Indiana, dokar nan ce ta hana ta zama ƙwararriya a ƙasashen waje, ita da wasu suka yi ta fafutuka har FIBA ta janye haramcin a 2017. Yau 'yar Gwarzo za ta iya sa hijabinta ta buga wa Najeriya wasa a ko'ina dokar FIBA ke aiki. Arewa kuma ba baƙuwar kwando ba ce. A Zariya Masai Ujiri ya tashi, a hannun koci Oliver Johnson na Jami'ar Ahmadu Bello ya koyi wasa, ya je ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019. Kano Pillars ta kwando ta sha ɗaukar kofin ƙasa. Ga gasar Milo ta makarantun sakandare mai rukunin mata, ga NUGA ta jami'o'i da aka fara tun 1966, ga ta kwalejojin ilimi da ta kwalejojin fasaha. A nan Gwarzo muna da Makarantar Nazarin Muhalli ta Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano, a Kabo ga babbar makarantar tarayya da aka kafa. 'Yan matan da za su sa rigunan waɗannan makarantu daga filaye irin nawa za su fito, in an bar su sun kai.

Bayan wata biyu na koma gidan su ɗalibata. Wannan karon na tafi da ƙanwar mahaifin, wadda ita ma tsohuwar malama ce, don na san maganar da ba zan iya faɗa masa ba ita za ta iya. Ta ce, "Yaya, yarinyar nan ba sata ta yi ba, ba yawo ta tafi ba. A cikin makaranta take, a gaban malamanta. Su masu tare ka a masallaci, wa ya je ya ga abin da 'ya'yansu ke yi a gidan kallon ƙwallo?" Ta tuna masa cewa malamai sun karantar da mu Nana A'isha ta yi tseren gudu da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya yi shiru mai tsawo yana jan carbi. Daga ƙarshe ya ce wasa dai a'a, ba yanzu ba, sai ƙura ta lafa. Amma ya yarda ta riƙa zuwa tana riƙe mini takardar maki.

Haka muke tun daga lokacin. Tana zama a kan benci da biro da takarda, ta iya alamun hannu na alƙalanci duka, wani lokaci kafin in juyo in nuna lambar mai laifi ta riga ta rubuta. Saura mata zango biyu ta gama makaranta. Ranar Talatar da ta wuce, ana atisaye, ƙwallo ta kuɓuce ta gangaro har ƙafarta. Ta ajiye biro ta ɗauka. Daga inda take zaune zuwa kwando ya fi mita bakwai. Na ga ta ɗaga kai ta dubi allon, yatsunta suka gyara zama a jikin ƙwallon yadda na koya mata tun tana aji ɗaya. Yara suka tsaya cak suna jira. Sai ta waiga ta dubi katanga, ta miƙa wa ƙaramar da ta zo karɓa, ta ɗauki bironta.